Cuta Biyar, Allura Ɗaya: Abin da Penta Ta Sauƙaƙa a Ƙasar Arewa da Abin da Ya Rage

A ƙasar Arewa ta jihar Dosso, daga Matankari da Dogon Dutsi har Tibiri da Gesheme, mai jego ba ta cika yin nisa da gida ba sai ta yi arba'in. Jadawalin rigakafin yara na Nijar kuwa ya ajiye allurar farko ta cinya a mako na shida da haihuwa, wato kwana 42. Ke nan ana gama wankan jego, uwa na shirin zagayen dangi da jinjiri a baya, likita ma na jiranta da wata ƴar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ma'aikatan lafiya na ce mata Penta. Iyaye mata da yawa ba su riƙe sunan ba, amma kowacce ta san ta da halinta: ita ce allurar da ke sa jikin yaro zafi, cinya ta ɗan kumbura, a kwana ana rarrashi.

Cikin rabin mililita na ruwan kwalbar nan akwai rigakafin cututtuka biyar. Nijar ta fara yi wa yara ita a 2008, Najeriya ta biyo baya a 2012. Haɗa rigakafi da yawa cikin allura ɗaya na daga cikin dabarun likita da suka fi amfanar talaka, domin ya rage huda, ya rage kuɗi, ya rage tafiya. Abu ɗaya ne ya gagare shi ragewa: dole a kawo yaro sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14. Duk wata riba ko asara ta wannan allura a kan zuwa ukun nan take.

Cututtukan da ke cikin lissafi

Ta farko mashaƙo. Ƙwayar cutar na zama a maƙogwaro tana fitar da dafi. Wani yaɓi mai kauri, ruwan toka, sai ya rufe hanyar numfashi, wuya ya kumbura, dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Cikin mutum 100 da suka kamu, 5 zuwa 10 kan rasu, abin ya fi haka muni a ƙananan yara.

Ta biyu tarin shiƙa. Babban yaro kan yi makonni yana tari har ya yi amai, ya ja numfashi da ƙara. Jinjirin da bai kai wata shida ba kuwa wani lokaci ko tarin ba ya yi, numfashinsa ne kawai ke ɗaukewa. Don haka ne ba a jira yaro ya yi ƙwari kafin a fara allurar.

Ta uku sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ba a ɗaukarta daga mutum. Ƙwayarta na cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni: ƙaya, tsohon ƙarfe, cibiyar da aka yanke da reza marar tsabta, askar da ba a dafa ba. A garuruwan da bisashe ke kwana cikin gida, yara kuma na yawo ba takalmi, ba wanda zai ce ya yi nisa da ita. Jaririn da ke cikin makonnin farko allurar da aka yi wa uwarsa wajen awon ciki ce ke kare shi, ita ma haɗi ce ta tetanus da mashaƙo. Da allurar tetanus ta iyaye mata Nijar ta kai matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata a 2016, na cewa tetanus ɗin jarirai da masu jego ya daina zama annoba a ƙasar.

Ta huɗu ciwon hanta nau'in B, mai aiki a ɓoye. Babban mutum in ya kamu, mafi yawan lokaci jikinsa kan kore ta. Jariri in ya kamu, kusan 9 cikin 10 za su zauna da ita har girma, sai bayan shekara talatin ko arba'in hanta ta ƙeƙashe ko ta yi ciwon daji. Magidancin da ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ana ta neman wanda ya yi masa sammu, sau da yawa tun yana goye ya ɗauko cutar.

Ta biyar wata ƙwaya ce da ake taƙaita sunanta da Hib. Tana jawo sanƙarau da ciwon huhu a yaran da ba su kai shekara biyar ba, musamman ƴan ƙasa da shekara ɗaya. Ba ta zuwa da hayaniya irin ta sanƙarau ɗin bazara da ke cika likita cikin mako guda. Ɗai-ɗai take ɗauka, duk tsawon shekara, wanda ya tsira kuma yakan fita da kurumta ko tawayar ƙwaƙwalwa.

Yadda aka kai ga haɗa su

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1923 wani masani a cibiyar Pasteur ta Faransa, Gaston Ramon, ya gano yadda za a kashe kaifin dafin mashaƙo a bar siffarsa, ta yadda jiki zai koyi yaƙi da shi ba tare da ya cutu ba. Haka aka yi wa dafin tetanus, kuma shi Ramon tun a shekarun nan ya fara gwada ba da rigakafi biyu tare. A shekarun 1930 wasu mata biyu a jihar Mishigan ta Amurka, Pearl Kendrick da Grace Eldering, suka samar da rigakafin tarin shiƙa mai aiki. Kafin ƙarshen shekarun 1940 an haɗa ukun a allura ɗaya. Wannan uku-a-ɗaya na cikin alluran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora shirinta na rigakafin yara a kansu a 1974, shirin da Nijar ta kama gadan-gadan a ƙarshen shekarun 1980.

Sauran biyun sun daɗe suna hannun masu kuɗi. Rigakafin ciwon hanta ya fito a farkon shekarun 1980, na Hib mai aiki a jikin jarirai kuma a ƙarshensu, amma tsada ta hana su isowa ƙasashenmu. A Afirka ta Yamma Gambiya ce ta share hanya: an fara babban gwajin rigakafin hanta a can a 1986, a 1997 kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta sa na Hib cikin jadawalin yara. Cikin ƴan shekaru sanƙarau ɗin Hib ya kusa ɓacewa daga asibitocinta.

A 2000 aka kafa ƙawancen Gavi domin saya wa ƙasashe matalauta rigakafi. Maimakon kwalba uku daban-daban, sai ya mayar da hankali kan biyar-a-ɗaya. Da aka tara buƙatar ƙasashe da yawa wuri guda, masana'antun Indiya irin su Serum Institute da ke birnin Pune suka shigo kasuwar, farashin allura ɗaya ya faɗo daga sama da dala 3 zuwa ƙasa da dala 1. A 2014 Sudan ta Kudu ta fara amfani da ita, ta cike ƙasashe 73 da Gavi ke tallafa wa a lokacin.

Lissafin mai sauƙi ne. Da kowace cuta da allurarta, sau uku-uku, huda 15 ke nan a cinyar da ba ta fi dantsen babba kauri ba. Ko da tsohuwar uku-a-ɗaya, in an ƙara na hanta da na Hib daban, huda 9 ne. Penta ta mayar da su 3. Ta rage sirinji, ta rage sharar da za a ƙona, ta rage wurin da ake bukata a firiji, ta kuma rage wa ma'aikaci rubutu da yiwuwar mantuwa.

Me ya hana a haɗa duka gaba ɗaya?

Tambaya ce da iyaye ke yi, kuma da gaskiyarsu. A mako na 14 yaro na iya shan huda uku a zama ɗaya: Penta, allurar ciwon huhu da Nijar ta fara a 2014, da allurar shan inna, ga kuma ɗigo a baki. A wata tara a dawo don ƙyanda, wadda a wasu wurare ake ce wa dussa, da shawara da sanƙarau. A Satumban 2024 kuma an ƙaddamar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Gaya, cikin jihar Dosso. Jadawalin sai ƙara cika yake.

Amsar ita ce ba ma'aikaci ne ke zuƙo wannan ya zuƙo wancan ya cakuɗa a sirinji ba, kuma haramun ne a aikin ya yi haka. A masana'anta ake haɗawa, bayan gwaji na shekaru, don a tabbatar babu wanda ya danne wani. Wani sinadarin da ke adana rigakafi ɗaya yana lalata wani. Na ƙyanda da na shawara ƙwayoyi ne masu rai da aka raunana, a busasshen gari suke zuwa, sai a wurin ake narka su, bayan awa shida kuma a zubar da ragowar. Lokacinsu ma daban ne: in aka yi na ƙyanda da wuri, kariyar da jariri ya gado daga jinin uwarsa za ta kashe allurar kafin ta yi aiki. Ta tarin fuka kuwa, mai barin tabo a hannu, a cikin fata ake yinta, ba cikin tsoka ba. Ita kanta Penta ba a yi wa jaririn da aka haifa yau, shi ya sa inda ake ba da rigakafin hanta ranar haihuwa ake amfani da wata kwalba mai shi kaɗai.

Akwai kuma wani nau'in haɗin: cuta ɗaya, amma dangogin ƙwayarta da yawa a allura guda. Allurar ciwon huhu irin wannan ce. Haka ma wani ɗigon gudawa mai jure zafi da aka gwada a Madarumfa ta jihar Maraɗi, aka fitar da sakamakonsa a 2017. Mutanen Dogon Dutsi sun san muhimmancin wannan da jikinsu. Bayan gangamin rigakafi na 2010 da 2011 sanƙarau nau'in A ya kwanta, sai ga nau'in C ya ɓullo daga wajen Sakkwato da Kebbi. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500, gundumomin Dogon Dutsi da Gaya na cikin waɗanda ya fara da su. Allurar da aka yi wa mutane ta A ce kaɗai, ba ta san C ba. Sabuwar allura mai dangogin sanƙarau biyar ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023, Najeriya ta zama ta farko da ta yi aiki da ita a 2024.

Lissafin uwa

Mai tsara shiri a Yamai yana lissafi da dala da faɗin firiji. Uwa a ƙauye da ƙafa take nata. Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011, tana kudu da babbar hanyar da ta bi ta Kore Mairuwa, ƙauyukanta kuma sun watsu cikin Dallol Mawri da tuddan da ke gefensa har bakin iyakar Najeriya. Tsarin rigakafi ya kasa mutane uku: waɗanda ke cikin kilomita 5 daga likita su zo da kansu, na kilomita 5 zuwa 15 ma'aikaci ya bi su da babur, na gaba da haka sai ayarin mota. A takarda ba wanda aka bari. A ƙasa kuwa babur na son mai, mota na son gyara, damina na yanke hanya.

Ba kuɗin allura ne matsalar ba, kyauta ce. Tun 2006 ma gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin ganin likita, bayan ƙananan ɗakunan shan magani da aka giggina a ƙauyuka. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yaran nan ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000, rigakafi na cikin dalilan. Abin da uwa ke biya shi ne yininta. Macen Arewa manomiya ce. Tana da gonarta ta gyaɗa ko gurjiya, ga kai abinci gona, ga ruwa, ga daka. Yaron da mako shidansa ya faɗo watan noma, zuwa likita na nufin an bar ciyawa ta yi kwana ɗaya tana cin hatsi. Da rani kuma maigida ya tafi bida, wani Yamai, wani Legas, wani Kwatano, kuɗin babur sai an jira aike.

Ga kuma al'adar haihuwar fari. Yarinya ta tafi gidan iyayenta ta haihu, a yi wa jariri allurar farko a likitar garinsu, sannan ta koma ɗakin mijinta a wani gari, wani lokaci ma a ƙetaren iyaka, wajen Kangiwa. A rajistar likita ta farko yaron ya ɓace, a ta biyu ba a san da shi ba. In katin ya biyo shi, da sauƙi, domin Penta ɗin Najeriya da ta Nijar cututtuka guda suke karewa. In ya tsaya a ƙasan akwatin kaka, shi ke nan.

Saboda haka ne masana ke auna lafiyar tsarin rigakafin ƙasa da wannan allura. Yaron da bai samu Penta ta farko ba ana lissafa shi cikin waɗanda rigakafi bai taɓa kai wa gare su ba, kuma a duniya irinsu sun haura miliyan 14 a 2024. Tazarar da ke tsakanin ta farko da ta uku kuwa tana nuna yawan iyayen da suka zo, suka gani, ba su dawo ba. Wannan tazarar ta fi faɗin gaskiya game da yadda aka karɓe su.

Zazzaɓin da ke biyo baya

A dubi zaman rigakafi da kyau. Mata a jere kan benci ƙarƙashin rumfa, kowacce da kati a hannu. Ma'aikaciya ta buɗe akwatin sanyi ta ɗauko kwalba, ta fara duba wani ɗan tambari a jikinta: da'ira mai duhu, da murabba'i mai haske a tsakiya. In zafi ya taɓa kwalbar har murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, ta lalace, ba za a yi da ita ba. Ta girgiza, ta zuƙa da sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya, ta ce, "Uwar yaro, riƙe mini ƙafar da kyau." Kafin a ƙifta ido an gama, sirinji ya faɗa kwalin shara. Abin da zai biyo baya cikin minti ɗaya shi ne ke yanke hukuncin ko matar za ta dawo. In layi ya yi tsawo aka ce "mai bi mata," ta tafi ba ta san abin da ke jiranta da dare ba. In aka ce, "Yau jikinsa zai yi zafi, wurin zai ɗan kumbura. Ki yawaita ba shi nono, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki gasa, kada ki murza. Gobe ko jibi zai wuce. In ya zarce haka, ko ya yi jijjiga, ki kawo shi," to ta tafi da makami. Da dare in uwar miji ta ce, "Kin kai yaro da lafiyarsa kin dawo da shi da ciwo," tana da amsa.

Zazzaɓin gaskiya ne, ɓoye shi kuskure ne. Mafi yawansa daga ɓangaren tarin shiƙa yake, domin a Penta ana amfani da ƙwayar cutar sukutum bayan an kashe ta. Ƙasashen Turai da Amurka sun koma wani nau'i mai ƴan gutsattsarin ƙwayar kawai, wanda bai cika sa zazzaɓi ba. Wani zai ce an ba mu na talaka. Tsadar na cikin dalili, amma an gano cewa kariyar nasu ta fi saurin sanyi, har tarin shiƙa ya sake tasowa a wasu ƙasashen da suka canja. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu amfani da irin namu su ci gaba da shi. Akan samu yaron da zai yi kuka na sa'o'i, ko zafin jiki ya sa shi jijjiga, ko jikinsa ya saki na ɗan lokaci. Ba su da yawa, kuma sukan warware. Mummunan bore na jini, mai bukatar taimakon gaggawa, bai fi kusan ɗaya cikin allura miliyan ba, shi ya sa ake so uwa ta ɗan zauna kafin ta kama hanya.

Shin biyar a lokaci guda ba su yi wa jinjiri yawa ba? Daga ranar da aka haife shi yake haɗuwa da ƙwayoyi iri-iri marasa adadi, a nono, a hannun masu ɗaukarsa, a ƙurar tsakar gida, garkuwar jikinsa na amsa musu duka. Biyar ɗin nan, waɗanda ba mai rai a cikinsu, ƙari ne kaɗan a kan aikinta na kullum. Sirilanka a 2008, Butan a 2009 da Biyatnam a 2013 sun taɓa dakatar da Penta bayan rasuwar wasu jarirai. An yi bincike, ba a samu hujjar cewa allurar ce sanadi ba, duka ukun suka koma yinta. Dakatarwar ma shaida ce cewa ana sa ido.

Shakkun mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, aka rasa 11, aka yi shekaru ana shari'a. Ba rigakafi ba ne, amma tabon ya shafi duk abin da ya zo da allura. A 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama kafin a koma a 2004. Zargin hana haihuwar dai rayuwa ta ba shi amsa: ƴan matan da aka yi wa rigakafi a shekarun 1990 su ne iyayen yau, binciken ƙasa na 2012 kuma ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, adadin da ba ƙasar da ta kai a lokacin. Inda ya kamata a yi tsoro shi ne allurar kasuwa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun rigakafin sanƙarau da ke yawo a Nijar. Ta likita tana da lamba, tana da hanyar da ta biyo, akwai wanda za a tambaya.

Inda ƙarfinta yake, nan rauninta yake

Wanda ya ɗora kaya biyar a kan jaki ɗaya, in jakin ya isa kasuwa komai ya isa, in ya kwanta a hanya komai ya kwanta. Penta ta ƙare a firijin likita, rigakafi biyar ne suka ƙare. Yaro ya tsallake ta, ƙofa biyar ce a buɗe.

Ita kuma tana da zaɓen wurin zama: tsakanin digiri 2 da 8. Kowa na tsoron zafi a ƙasar da bazara ke haura digiri 40, amma ƙanƙara ta fi yi mata illa. In ta daskare sau ɗaya ta mutu, tambarin jikinta kuma ba ya nuna haka. Ma'aikacin da ya jingina kwalba da ƙanƙarar da bai bari ta fara narkewa ba, don gudun zafin hanya, zai iya yi wa ƙauye guda allurar da ba ta da amfani. Firiji mai aiki da hasken rana ya taimaka wa likitocin da ba su da lantarki, amma horon mai riƙe da shi ya fi injin muhimmanci.

Siyasa ma na shiga firijin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kuka kan kayan lafiya da suka maƙale a hanyar Kwatano da haɗarin da ɗaukewar wuta ke jawo wa ajiyar rigakafi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta ce za ta daina ba Gavi kuɗi. Ƙasar da ke biyan kaso kaɗan na kuɗin allurar ƴaƴanta, sauran yana zuwa daga waje, dole ta fara tunanin ranar da za ta ɗauki nauyin da kanta.

Abin da ke faruwa in giɓi ya taru mun gan shi. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce cibiyarsa, ya kama dubban yara, mafi yawansu ba su cika allurarsu ba. A Yulin 2023 ya bayyana a Matamaye ta jihar Damagaram. Cuta ce da matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka san ta, rigakafinta kuma ya shekara ɗari da samuwa. Yaran da aka tsallake shekara bayan shekara ne suka taru har suka ishe ta hanya.

Shida a ɗaya, da aikin da ke gabanmu

Mataki na gaba ya riga ya iso. An daɗe ana son ƙara allurar shan inna cikin Penta, amma sinadarin da ake sarrafa ɓangaren tarin shiƙa da shi yana lalata ta, sai da masana'antu suka sake dabara. A Yulin 2025 Senegal da Muritaniya suka fara amfani da shida-a-ɗaya da tallafin Gavi. Za ta rage huda, ta kuma ƙarfafa kariya daga shan inna, wadda ko da aka tabbatar a 2020 cewa ainihin ƙwayarta ta daji ta bar Afirka, wani rikiɗaɗɗen nau'inta na ci gaba da ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Tsarinta ya zo da allura ta huɗu a shekara ta biyu, domin kariyar mashaƙo da tetanus na bukatar tuni. Wato yawan zuwa ba raguwa zai yi ba, kuma wanda aka tsallake asarar shida zai yi.

Sauran aikin ba ya bukatar sabon ilimi. Uwar da ta makara ta san ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko da an yi watanni. Mura ko ɗan zawo ba su hana allura. Ma'aikaci ya daina faɗa wa wadda ta makara ko ta ɓatar da kati maganar da za ta sa ta ƙi dawowa. Kwalbar Penta mai allura goma, in an kiyaye ƙa'idar sanyi da tsabta, tana kai kwana 28 bayan an huda ta, don haka babu dalilin mayar da uwa gida wai sai yara sun taru. A faɗa mata ranar dawowa da lissafin da take riƙewa, kasuwa huɗu nan gaba, ba lambar da aka rubuta da faransanci kaɗai ba. Likitocin da ke kusa da iyaka kuma su karɓi katin juna.

Mafi yawan faɗakarwa mata ake tara wa, alhali izinin fita da kuɗin babur na hannun maza. Ranar suna maza ke cika ƙofar gida, liman na nan, wanzami na nan, mai gari ko wakilinsa na nan. Daga ranar zuwa Penta ta farko mako biyar ne cif. In wanda ya raɗa sunan ya ƙara da faɗa wa uban jariri, a gaban jama'a, ranar da za a kai shi likita da cewa sau uku ne, maganar ta tashi daga hidimar mace ita kaɗai ta zama alkawarin maigida, wanda maƙwabta za su iya tambayarsa ko ya cika.